Yadda Ake Ɗaurin Maƙogwaro a Yoga da Amfaninsa ga Jiki

Daga cikin darussan yoga, wato horon jiki da numfashi, akwai wani ɗan ƙaramin aiki da ba ya buƙatar fili ko kayan motsa jiki, wanda masu fannin suke kira jalandara banda, mu kuma a nan za mu kira shi ɗaurin maƙogwaro. Siffarsa a taƙaice ita ce mutum ya zauna ya miƙe bayansa, ya ja numfashi ya riƙe, ya ɗaga ƙirjinsa har ya tarbi haɓarsa da ta sunkuyo, ya tsaya a haka na 'yan sakanni, sannan ya ɗago kai ya saki numfashin a hankali. Wanda ya hangi mai yin sa daga nesa zai ɗauka gyangyaɗi ne ya kwashe shi, alhali kuwa ta ɗan wannan wuri da ake lanƙwasawa ne hanyar iska, da hanyar abinci, da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, da lakar da ta sauko daga kai duk suka ratsa. Wannan ne ya sa nake ganin aikin ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla, musamman yanzu da matasa da yawa a nan Jos suke koyon irin waɗannan abubuwa daga gajerun bidiyo na waya, inda ake nuna musu yadda za su danna haɓa a ƙirji cikin rabin minti, ba a faɗa musu wanda bai kamata ya yi ba, ba a kuma nuna musu yadda ake kwance ɗaurin ba.

Asalin aikin daga ƙasar Indiya yake, a reshen yoga da ya fi mayar da hankali ga jiki da numfashi. Littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda Swatmarama ya tsara da harshen Sanskirit a ƙarni na 15, ya ambaci ɗauri uku: na ƙasan mara, wato mula banda, da na ciki, wato uddiyana banda, sai kuma na maƙogwaro. Dukkansu ukun suna tafiya ne tare da riƙe numfashi, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata mai koyo ya sa a ransa, cewa ɗaurin maƙogwaro hidima yake yi wa numfashi, wanda bai iya numfashi a natse ba kuwa bai shirya masa ba tukuna. Mutanen wancan zamani sun yi imani da cewa akwai wani ruwan rai da ke ɗigowa daga cikin kai yana ƙonewa a wutar ciki, kuma ɗaure maƙogwaro yana tare shi, har suka ce yana kawar da tsufa da mutuwa. Wannan aƙidarsu ce, ba kuma ita ce ta yaɗa aikin a duniya ba. Malaman ƙarni na 20 ne suka fito da shi a matsayin horon jiki, kamar B.K.S. Iyengar wanda ya koyar a birnin Pune har ya mutu a 2014 yana da shekara 95. A watan Disamba na wannan shekarar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka fara bikinta a 2015, kuma ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja yakan shirya taro domin ranar.

Na san tambayar da ke zukatan masu karatu da dama, Musulmi da Kirista, ita ce ko ya halatta mutum ya taɓa abin da ya fito daga al'adar da ba tasa ba. Abin da zan bayyana a nan motsin tsoka ne da sarrafa numfashi kawai, babu kiran sunan wani abin bauta a ciki, babu kalmar da ake maimaitawa, babu fuskantar rana ko wani abu. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa ko fastonsa, idan kuma ya ga ya fi masa ya bari, bai yi wata asarar da ba za ta mayu ba, domin minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar manya da shi, ko da tafiya ce da sassarfa, ya fi wannan aiki muhimmanci ga lafiya nesa ba kusa ba.

Waɗanda bai kamata su yi ba

Na kawo wannan sashe kafin bayanin yadda ake yi ne da gangan. A kowane gefe na wuya, daidai saitin zakaran wuya, babbar jijiyar da ke kai jini kai tana rabuwa biyu, kuma a wannan mararraba akwai wani ɗan kumburi da likitoci suke kira karotid sainos, mai ɗauke da ƙananan jijiyoyi masu auna ƙarfin bugun jini. Idan aka matsa wurin, sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo kamar jini ya hau, ita kuma ta umarci zuciya ta rage gudu, jijiyoyin jini su saki. Ga mai ƙoshin lafiya wannan ɗan sauyi ne da ba ya cutarwa, amma akwai mutane, musamman dattawa, da wurin nan nasu yake da saurin amsawa ƙwarai, ta yadda matsattsen wuyan riga ko waiwaye da sauri yakan sa su jiri har su faɗi. A ɗaya ɓangaren kuma, riƙe numfashi tare da yunƙuri yana ƙara matsi a cikin ƙirji, jini ya hau na ɗan lokaci, dawowar jini zuwa zuciya ta ragu, matsin da ke cikin ƙwayar ido shi ma ya ƙaru.

Saboda waɗannan dalilai biyu, mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin ido, da mai farfaɗiya, da mai yawan jiri ko suma, duk su bar riƙe numfashi da ɗaurin gaba ɗaya sai likita ya sahale musu. Haka ma mace mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai maƙoƙo ko wani kumburi a wuya, da wanda aka tabbatar masa yana da lalurar ƙashin wuya ko yake jin ciwo yana sauka daga wuya zuwa hannu. Zan ƙara da mai sikila, wanda littattafan Indiya da na Turai ba su cika ambato ba amma mu muna da shi a kusan kowace unguwa, domin ƙarancin iskar oksijin na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, don haka wasa da riƙe numfashi ba nasa ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini, saboda yakan daɗe a jikin mutum bai nuna wata alama ba. Kafin kowa ya fara, ya je asibiti ko kemis a gwada jininsa, idan kuma awon ya kai 140 a kan 90 ko ya haura, to maganar ta koma hannun likita.

Shiri da zama

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe kafin karin kumallo, ko kuma bayan awa uku zuwa huɗu da cin abinci mai nauyi, domin cikakken ciki yana hana ƙirji buɗewa yadda ake so. Garinmu yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma kowa ya san yadda asubahin Disamba da Janairu yake ƙanƙame jiki. Tsokar da ta sha sanyi ba ta son a ja ta farat ɗaya, saboda haka a lokacin hunturu mutum ya sa rigar sanyi, amma wadda ba ta shaƙe wuya ba, ya ɓalle maɓallin sama, mace kuma ta sassauta hijabi ko ɗaurin da ya ratsa ƙarƙashin haɓa. A yi a cikin ɗaki saboda ƙura, sai dai kada ya zama ɗakin da aka rufe da kaskon gawayi a ciki ko wanda hayaƙin janareta yake shiga, domin hayaƙin gawayi yana ɗauke da guba marar wari da ke hana jini ɗaukar iska, kuma zurfafa numfashi a irin wannan ɗaki ƙara shaƙarta ne.

A shimfiɗa tabarma ko darduma, a ninka bargo a zauna a bakinsa, a tanƙwashe ƙafafu yadda gwiwoyi za su sauka ƙasa da ƙugu. Wannan ɗan tudu da bargo yake bayarwa shi ne yake sa ƙasan baya ya miƙe ba tare da wahala ba, kuma idan ƙasan baya ya lanƙwashe, ƙirji ba zai taɓa ɗagowa ba komai ƙoƙarin mutum. Wanda gwiwarsa ba ta yarda da zaman ƙasa ba ya zauna a bakin kujera mai ƙarfi, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, ba tare da ya jingina ba. Daga nan a ɗumama wuya na minti biyu ko uku: a juya kafaɗu baya sau da yawa, a waiwaya dama da hagu a hankali, a kwantar da kunne wajen kafaɗa ta kowane gefe. Ba na ba da shawarar a riƙa juya kai zagaye da sauri kamar yadda ake gani a filin ƙwallo.

Matakin farko, ba tare da riƙe numfashi ba

Mako biyu na farko siffar kawai za a koya, numfashi yana shiga yana fita ta hanci yadda ya saba. Mutum ya ɗora tafukan hannunsa a kan gwiwoyi, ya miƙe bayansa tun daga ƙugu har zuwa tsakiyar kai. Sai ya ja haɓarsa baya kai tsaye, ba ƙasa ba, har ya ji fatar ƙarƙashin haɓa ta ɗan ninku, ƙeyarsa kuma ta yi tsawo. Wannan ɗan motsi shi ne mafi yawan masu koyo suke tsallakewa, kuma shi ne yake raba ɗaurin da sunkuyon mai kallon waya. Bayan haka ya ɗaga ƙashin tsakiyar ƙirjinsa sama da gaba, allunan kafaɗarsa su sauka su matso juna a baya, kafaɗun su yi nesa da kunnuwa. Sai a ƙarshe ne zai bar kansa ya sunkuyo, kamar mai amsa magana da kai, haɓar ta nufi ɗan ramin nan da ke gindin wuya tsakanin ƙasusuwa biyu da suka taho daga kafaɗu.

Ƙarfin da ake buƙata a nan kaɗan ne ƙwarai. Mutum ya ƙaddara ƙwai ne yake riƙe da shi tsakanin haɓa da ƙirji, wanda idan ya sassauta zai faɗi, idan ya matse zai fashe. Muƙamuƙi ya kasance a sake, haƙoran sama da na ƙasa kada su cije juna, harshe ya kwanta a ganɗa, goshi kada ya tattare, idanu a lumshe ko suna kallon ƙasa. Kan ya sauko daidai tsakiya, hanci yana saitin cibiya, kada ya karkata gefe guda. A tsaya a haka tsawon numfashi biyar, sannan a ɗago kai a hankali a huta, a maimaita sau uku.

Mafi yawan mutane haɓarsu ba za ta kai ƙirji ba a farkon farawa, kuma wannan ba aibi ba ne. Akwai wani dattijon tela a unguwarmu da ya shafe shekaru yana sunkuye a kan keken ɗinki, ya nemi in nuna masa wannan mataki bayan an gwada jininsa an same shi lafiya. Da ya zauna sai bayansa ya lanƙwashe, kansa ya faɗo gaba, amma tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa akwai tazarar yatsu uku, sai ya kai hannu ƙeya zai danna. Na ce masa, "Baba, don Allah ku sauke hannun nan, kada ku tura kan. Ku bar haɓar inda ta tsaya, ƙirjin ne za ku ɗago mata." Na naɗe ƙaramin tawul na sa masa a wannan tazara, na ɗora yatsuna biyu a tsakanin allunan kafaɗarsa na ce ya ja bayansa daga yatsun zuwa gaba. Nan take ƙirjin ya taso, haɓar ta kama tawul ɗin ba tare da an danna komai ba. Ya ɗago ya ce, "Ashe, ɗana, bayan ne ya ƙi, ni ina ta ganin laifin wuya." Gaskiya ya faɗa, kuma a ganina wannan ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya: ƙirji ne yake tafiya mafi yawan hanyar, haɓa tarbarsa kawai take yi. Tawul ɗin kuwa ana iya ci gaba da amfani da shi watanni, ko ma har abada, amfanin bai ragu ba.

Wanda ya kasa gane yadda ake ɗago ƙirji a zaune, ya kwanta rigingine, ya tanƙwara gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ya ɗaga ƙugunsa sama kaɗan. Zai ji ƙirjinsa yana tahowa wajen haɓa da kansa, ƙeya tana kwance a ƙasa. Kada ya juya kai yana cikin wannan hali. Wannan ji da ya samu shi zai nema idan ya koma zaune.

Mataki na biyu, tare da riƙe numfashi

Idan siffar ta zauna, kuma babu ciwo a wuya washegari, sai a shigo da numfashi. Mutum ya fara da numfashi biyar ko shida a natse. Sai ya ja iska ta hanci tsawon sakan huɗu, yana ɗago ƙirji tare da shigarta, amma kada ya cika huhunsa maƙil, ya tsaya a kusan kashi uku cikin huɗu, domin cikakken huhu ne yake jawo yunƙurin da muke gudu. Ya dakatar da numfashin, ya haɗiye yawu sau ɗaya, wanda yake taimaka wa maƙogwaro ya rufe da kansa, sannan ya ja haɓa baya ya sunkuyo kamar yadda ya koya. Ya tsaya sakan uku zuwa biyar kawai, cikinsa a sake, fuskarsa a sake, ba ya tura iskar ƙasa ko sama.

Kwance ɗaurin yana da nasa tsari, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Kai ne yake fara ɗagowa, a hankali, har ya dawo daidai, sannan a saki iska ta hanci tsawon sakan shida ko fiye. Wanda ya saki iskar alhali haɓarsa tana manne da ƙirji zai ji ta fito da ƙarfi, sau da yawa har da tari ko sarƙewa. Bayan kowane zagaye a yi numfashin da aka saba sau uku ko huɗu kafin a sake. Zagaye uku ya isa a farko, a kai biyar bayan 'yan makonni, a riƙa ƙara sakan ɗaya ko biyu a mako har a kai kusan sakan goma, kuma ga wanda yake koyo shi kaɗai a gida ban ga dalilin wuce haka ba. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitar numfashi: idan ya fita sumul a hankali, riƙon ya yi daidai, idan kuma ya fito da haki ko mutum ya ji yana zumuɗin jan wata iskar, ya wuce iyakarsa, sai ya rage.

Ya kamata a san cewa ƙaiƙayin nan na son yin numfashi da mutum yake ji idan ya riƙe, taruwar iskar kabon dayoksaid a jini ce take kawo shi, kuma shi ne gargaɗin da jiki yake bayarwa. Wasu sukan yi ta jan numfashi da sauri kafin su riƙe domin su daɗe, wanda hakan yana kashe gargaɗin ne kawai ba tare da ya ƙara wa jini wata iskar kirki ba, har mutum ya iya suma bai ji alamar komai ba. Kada a yi haka, kada kuma a taɓa gwada wannan aiki a tsaye, ko a cikin ruwa, ko ana tuƙi, ko a gaban injin da ke aiki. Tsofaffin littattafan yoga sun kawo ƙa'idar riƙe numfashi ninki huɗu na lokacin shaƙa, fitarwa kuma ninki biyu, amma sun kawo ta ne ga almajiran da suka yi shekaru a gaban malami, ba ga mai mako uku da farawa ba.

Mai bincike zai tarar da hanyoyi biyu da suka ɗan saɓa. Makarantar yoga ta Bihar da ke garin Munger tana koyar da a miƙe hannaye ƙam a kan gwiwoyi, a ɗaga kafaɗu sama da gaba, a matse haɓa a ƙirji sosai yayin riƙon. Hanyar Iyengar kuwa ta fi sauƙi, kafaɗu a ƙasa, ƙirji a ɗage, kai a sunkuye a hankali, har ana barin sa haka tsawon zaman numfashin duka. Abin da na bayyana a sama ya fi kusa da ta biyun, kuma ita na fi zaɓa wa wanda babu malami a kusa da shi, domin ta farkon tana ƙara matsi a wuya da ƙirji fiye da yadda mai koyo zai iya aunawa da kansa.

Akwai alamomin da idan aka gan su a tsaya nan take. Idan fuska ta yi ja ko ta kumbura, jijiyar goshi ta miƙe, kunnuwa suka toshe ko suka fara ƙara, ido ya fara ganin duhu ko tartsatsi, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, ko mutum ya fara ji a hannunsa kamar ana soka allura, to a ɗago kai a hankali, a saki numfashi, a zauna shiru ko a kwanta har komai ya lafa. Kada a miƙe tsaye da gaggawa. Idan alamar ta sake dawowa a wata rana duk da an rage ƙarfi, a bar aikin a gaya wa likita abin da ya faru.

Amfanin da za a iya dogara da shi

Amfani na farko yana ga tsayuwar wuya da baya. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5, kuma ƙasusuwa bakwai ne na wuya suke ɗauke da shi. Duk lokacin da kan ya zarce gaba, nauyin da tsokokin ƙeya suke ja yana ƙaruwa, ƙananan tsokokin da ke can ciki a gaban ƙashin wuya kuma su yi rauni saboda rashin aiki. Jan haɓa baya da muka fara da shi yana tayar da waɗannan ƙananan tsokoki, kuma kusan shi ne motsin da ma'aikatan gashin ƙashi suke koya wa masu ciwon wuya a asibiti. Masu gyaran waya a kasuwar Taminus ta Jos, da teloli, da ɗaliban Jami'ar Jos da suke kwana a kan littafi ko kwamfuta, da ma'aikatan ofis, duk suna cikin waɗanda matakin farko kaɗai zai amfana, ko da ba su taɓa riƙe numfashi ba.

Na biyu shi ne natsuwa. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti idan yana hutawa, amma a irin wannan zama yakan sauko zuwa sau biyar ko shida, kuma bugun zuciya yana raguwa a duk lokacin da numfashi yake fita, saboda haka tsawaita fitarwa yana karkata jiki zuwa yanayin hutu. A nan ya kamata a faɗi gaskiya cewa mafi yawan kwanciyar hankalin da ake samu daga numfashin a hankali yake zuwa, ɗaurin kuwa taimako yake yi ta hanyar sauƙaƙa riƙon, da hana mutum yunƙuri da fuska, da tattara hankalinsa wuri guda, domin wanda kansa yake sunkuye, idonsa a lumshe, yana lura da ƙirji da haɓa da ƙirgen sakanni, ba shi da sararin bin tunanin kasuwa ko na bashi. Wannan amfani ne na gaske, kuma ga wanda yake kwana da damuwa ya tashi da ita, minti goma na irin wannan zama da safe ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma abin da ake yawan jingina wa aikin wanda ba nasa ba ne, wato cewa yana gyara tayirod ko yana maganin maƙoƙo. Tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, mai samar da sinadaran da ke daidaita yadda jiki yake sarrafa abinci zuwa ƙarfi. Umarnin aikinsa yana zuwa ne ta cikin jini daga wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma yana buƙatar sinadarin aidin domin ya yi aikin, matsa shi da haɓa ba ya sauya ko ɗaya daga cikin biyun. Maƙoƙon da dattawanmu suka sani a ƙauyukan tudun Filato mafi yawansa daga ƙarancin aidin ne, kuma abin da ya rage shi shi ne tsarin sa aidin a gishiri da Nijeriya ta fara a 1993. Wanda ya ga kumburi a wuyansa, ko yake rama da faɗuwar gaba da yawan zufa, ko kuma yake ƙiba da kasala da jin sanyi fiye da kima, gwajin jini ne yake buƙata. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin tayirod ko na hawan jini kada ya ajiye shi domin ya fara yoga. Ina jaddada wannan ne saboda jinkirin zuwa asibiti da irin waɗannan alƙawura suke jawowa ya fi duk wani ciwon wuya da aikin zai iya haifarwa illa.

Akwai matakan da suka wuce wannan, kamar yin ɗaurin bayan an fitar da iska duka, ko haɗa ɗauri ukun a lokaci guda, wanda ake kira maha banda. Waɗannan suna buƙatar malami da zai zauna a gaban mutum yana kallon fuskarsa da ƙirjinsa, kuma malamin kirki zai fara ne da tambayar lafiyar ɗalibi, da awon jininsa, da magungunan da yake sha, kafin ya sa shi riƙe ko da numfashi ɗaya.

Ko ga wanda ya saba, akwai ranakun da hutu ya fi. Idan mura ta toshe hanci, ko ƙurar hunturu ta tayar da tari ko asma, ko maƙogwaro yana ciwo, a jira sai an warke. A watan azumi a bar riƙe numfashi da rana, musamman bayan azahar lokacin da ruwan jiki ya ragu kuma jiri yake kusa, a wadatu da matakin farko, ko a jinkirta sai bayan awa uku da buɗa baki. Wanda ya tashi da wuya a ƙage saboda kwanciya ya ɗumama wurin ya bar shi kwana biyu. Amma idan ƙagewar wuyan ta zo tare da zazzaɓi, da matsanancin ciwon kai, da amai ko ƙin haske, musamman daga hunturu zuwa lokacin zafi da sanƙarau ya fi yaɗuwa, kada a tsaya gwada wani motsi ko tausa, a kai mutum asibiti a wannan ranar.